Idan Katanga Ta Kwanta, Hoto Ne Shaida: Tsofaffin Masallatai da Kufai Daga Kano Zuwa Gaya

Babu ɗan Gaya da ya tashi bai ji labarin maƙeran garinsu ba. Ya ji cewa a nan Bayajida ya yada zango aka ƙera masa wuƙar da ya sare macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Ya ji cewa daga nan Abagayawa suka tashi suna bin tama har suka kai gindin Dala, kuma sunan ɗaya daga cikinsu, Kano, shi ya bi birnin har yau. Rubutaccen tarihin sarakunan Kano ma ya ambaci Sarkin Gaya Agalfati tun zamanin Sarki Yakubu, a tsakiyar ƙarni na 15. In ana maganar asali, garin nan da ke kimanin kilomita 60 gabas da birnin Kano ba ƙanen kowa ba ne.

Amma a tambayi matashin Gaya ko na Ajingi: yaya masallacin unguwarku yake kafin a zuba masa siminti? Ginshiƙansa nawa ne? Rufinsa shimfiɗaɗɗe ne ko mai tulluwa? A ina ladan yake tsayawa ya kira salla kafin lasifika ta zo? Nan sai a shiga neman dattijo mai sauran tunawa, shi ma ya duƙa ya zana a ƙasa da yatsa. In kuwa matashin ya ɗauki wayarsa ya shiga intanet neman tsofaffin hotunan ƙasar Kano, abin da zai yi ta cin karo da shi bai wuce badalar birni, Kasuwar Kurmi, ƙofar Gidan Rumfa, marinar Ƙofar Mata da dalar gyaɗa ba.

Dalilin wannan giɓi yana cikin tarihin kyamara ita kanta: wa ya kawo ta, wace hanya ta bi, me ta tsaya ta kalla. Sanin wannan ya zama wajibi a kanmu, domin a ƙasar da ake gini da ƙasa, hoto ne yakan zama shaida ta ƙarshe bayan katanga ta kwanta.

Kyamara ta fara da abin da ba ya motsi

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya, a birnin Paris, dabarar Louis Daguerre ta kama hoto a kan farantin tagulla da aka shafe da azurfa. A farkon lamarin sai an bar idon kyamara a buɗe na mintoci kafin hoto ya kama. Mutum yakan ƙifta ido, doki yakan kaɗa kai, gini kuwa yana nan inda yake. Shi ya sa masu hoton farko suka dafe wa majami'u, masallatai, kaburburan sarakuna da kangayen mutanen da.

A shekarun 1840 wani Bafaranshe, Girault de Prangey, ya zaga Masar da Sham da ƙasar Turkawa da kayan hotonsa. Hotunan da ya ɗauka a Ƙudus a 1844, har da na harabar Masallacin Ƙudus, su ne mafi daɗewa da suka rage na birnin. Daga 1856 Francis Frith na Ingila ya bi kogin Nilu yana ɗaukar gidajen bautar Fir'aunoni da masallatan Alƙahira. Aikin nasa wahala ce tsagwaronta: sai ya shafa wa farantin gilashi magani, ya ɗauki hoton, ya wanke shi, duk cikin kimanin minti 15 kafin maganin ya bushe, a cikin tanti mai duhu da tsananin zafi.

Musulmi ma ba a bar su a baya ba. Muhammad Sadiq Bey, injiniyan sojan Masar, ya ɗauki hoton Madina a 1861, sannan Makka a 1880. Bayansa wani likita mazaunin Makka, Sayyid Abdulgaffar, ya ɗauki Harami da Mina da Arfa a shekarun 1880. Duk alhajin da ya ga Haramin yau, bayan faɗaɗawar da aka yi ta yi tun daga 1955, ya kuma ga waɗancan hotuna, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan darajar tsohon hoto. Gani ya kori ji.

Yadda ta iso ƙasar Hausa

Kafin kyamara, alƙalami ne ya yi aikin. Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya ga hasumiyar Agadas a 1850, ya shigo Kano a 1851, ya hau Dala ya zana birnin. Amma zanen da ya fito cikin littattafansa wani mai zane ne a Turai, wanda bai taɓa taka Kano ba, ya sake tsara shi don bugawa. Irin wannan zane yana da amfani, sai dai hannu biyu ya ratsa kafin ya iso gare mu.

Sa'ad da kyamara ta iso, ta riga ta yi sauƙi. An samu busasshen faranti da ake iya ajiyewa watanni, kuma a 1888 George Eastman ya fito da Kodak mai amfani da fim. Hafsan soja ko jami'in mulki yana iya rataya ta a kafaɗa. Ayarin Faransawa na Foureau da Lamy, da ya keto Sahara ya bi ta Agadas ya iso Damagaram a 1899, ya koma da hotuna. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Kano, wata guda da 'yan kwanaki bayan haka suka shiga Sakkwato. Tun daga nan hotunan ganuwa da ƙofofi da fadodi suka fara tafiya Landan. Dole mu riƙe wannan a zuciya duk lokacin da muke kallonsu: da yawa daga cikin hotunan farko na ƙasarmu, wanda ya ci mu da yaƙi ne ya ɗauke su, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne kaurin katangar da ya fasa.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, baƙi suka ƙaru. Ɗan jarida E. D. Morel ya zo, littafinsa kan Nijeriya da ya fito a wannan shekara yana ɗauke da hotunan Arewa. Baƙar fata ma suna cikin sana'ar tun da wuri: George Da Costa na Ikko ya yi suna wajen ɗaukar aikin shimfiɗa layin dogo zuwa Arewa. A watan Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, karo na farko da jirgi ya sauka a birnin. Shekara biyar bayan haka matuƙin jirgi ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ratso ta Kano a tafiyarsa ta tafkin Chadi, a 1930 zuwa 1931, ya ɗauki birnin daga sama da kuma daga ƙasa. Hotunansa suna ajiye a ɗakin karatu na jami'ar ETH da ke Zurich, kuma an sake su a intanet kowa na iya gani. A cikinsu ana ganin birni na soraye da kududdufai, da filayen noma masu faɗi a cikin badala.

Soron da Kano ta rasa

Babban misalin abin da hoto ya cece mana shi ne tsohon Masallacin Juma'a na Kano. Tarihi ya danganta kafa shi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, zamanin da Shehu Magili ya zo birnin. An ce Sarki Muhammadu Zaki ya sauya masa wuri a 1582, sannan Sarki Abdullahi Maje Karofi ɗan Dabo, wanda ya hau gadon mulki a 1855, ya sake gina shi. Abin da ya fi fice a jikinsa shi ne soronsa, hasumiyar ƙasa mai faɗin gindi da ke tsukewa tana hawa, wadda masana gine-gine suka ƙiyasta tsawonta da kusan mita 20.

Yau babu ko tubali ɗaya na wannan soro a tsaye. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka gina sabon masallaci mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu, aka kammala shi a farkon shekarun 1950. Gini ne mai kyau, ya kuma ɗauki jama'ar da tsohon ba zai iya ɗauka ba. Har ma samansa ya zama wurin da baƙi ke hawa su ɗauki hoton birni a shekarun 1950 da 1960, wanda hakan ya bar mana wata taskar hotuna ta daban. Amma fasalinsa na gabas ne, na Masar da maƙwabtanta. Wanda ya tashi ya gan shi zai ɗauka haka masallacin Bahaushe yake tun fil azal. Hotuna ƙalilan na tsohon soron su ne ke gaya mana cewa Kano, da Katsina mai Gobarau, da Agadas mai hasumiyar mita 27, dangi ɗaya ne a gini, kuma magabatanmu suna da tasu hanyar ɗaga gini sama da laka da itace.

Gobarau ta yi sa'a an gyara ta a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, tana nan tsaye. A Sakkwato kuwa, Masallacin Shehu da na Bello duk an sake su da kayan zamani. Haka abin ya bi gari gari, daga manyan birane zuwa hedikwatun gundumomi, daga nan zuwa ƙauyuka.

Abin da hoton ya gani da abin da ya ɓoye

Tsohon hoto shaida ne, amma kowace shaida sai an yi mata tambayoyi. Na farko, kusan duk hotunan farko daga waje aka ɗauke su. Baƙon da ba Musulmi ba ba kasafai ake shigar da shi masallaci ba, kuma Turawan mulki, bayan alkawarin da Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato na cewa ba za a taɓa addini ba, suna taka-tsantsan da wuraren ibada. Ko an shiga ma, cikin masallacin ƙasa duhu ne da sanyi, tagoginsa ƙanana, farantin wancan zamani ba ya kama komai a irin wannan haske. Gwanintar maginin Bahaushe kuwa a ciki take: bakan gizo da ke tashi daga ginshiƙi ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa, ɗaurin guga a tsakiyar rufi, jeren azara da aka shirya kamar saƙa, da zanen da aka tayar a jikin bango. Azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin rufi fiye da tazarar kusan mita 2, amma da dabarar ɗora wata kan wata a cikin laka, gwanaye suka rufe ɗakuna masu faɗin da ya ninka haka sau uku ko huɗu. Wannan ilimi kyamarar farko ba ta gan shi ba.

Na biyu, maganin da ke jikin faranti da fim na wancan lokaci ba ya jin launin ja sosai, yana kuma cika jin shuɗi. Saboda haka jar ƙasa takan fito da duhu fiye da yadda take, sama kuma ta fito fari fat. Bangon da aka yi wa yaɓe da makuba yana sheƙi da rana, a hoto sai ya zama wani dunƙulen baƙi. In aka haɗa da ƙurar hunturu, domin da rani aka fi yin tafiye-tafiye, sai a ga gari ya yi kama da wurin da aka ƙaurace wa, alhali cike yake da rai.

Na uku, idon mai ɗaukar. Bature na wancan zamani ya taso da son kango. A ƙasarsu ana zuwa yawon buɗe ido wurin rusassun majami'u. Da ya ga katanga ta zaizaye, sai ya rubuta a ƙarƙashin hoton cewa rusasshen gini ne. Magini kuwa ya san ginin ƙasa kowace shekara yana rama da damina, yana murmurewa da kaka idan an cire amfanin gona aka fito aikin gayya aka yi yaɓe, aka gyara indararo, aka tayar da zankwaye. Hoton da aka ɗauka a watan Oktoba da wanda aka ɗauka a watan Fabrairu na gini ɗaya suna iya ba da labari biyu mabambanta.

Ƙasa tana komawa ƙasa

A Masar ko Rum, in an bar gini shekara dubu, dutsensa yana nan. Namu ba haka yake ba. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yau tuddai ne da kaburburan sarakuna. Birnin Gazargamu na Barno, da ya faɗi a wannan shekarar, ya ɗan fi barin alama saboda an yi amfani da gasasshen bulo a fadarsa, kamar yadda Surame ta Kanta ta bar katangun dutse. Amma garin da aka gina da tubali zalla, damina hamsin ta ishe shi ya zama gona. Manomi ne kawai zai riƙa turo katanga da tsingaro da garmarsa, ya ce nan kufan wane ne. Ita kanta badalar Kano, da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ta fara lalacewa ne daga ranar da aka daina kiran jama'a gyaranta, aka shiga ɗibar ƙasarta ana gini.

Labarin Jenne a ƙasar Mali ya nuna abin da hoto ɗaya ke iya yi. Tsohon babban masallacin garin an bar shi ya lalace tun zamanin Shehu Ahmadu na Masina. A 1906 Edmond Fortier, mai buga katin hoto a Dakar, ya ɗauki abin da ya rage na katangunsa. A shekarar da ta biyo, 1907, magina ƙarƙashin Isma'ila Traore suka kammala masallacin da duniya ta sani a yau. Muhawarar da masana ke yi kan yadda tsohon yake, da ko sabon ya bi fasalinsa, tana dogara sosai a kan irin hotunan Fortier.

A gida kuma akwai Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, wanda masana ke ɗauka a matsayin ƙololuwar ginin Hausa. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya fara aiki a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1950, ya auna shi ciki da waje, ya ɗauki hotuna, ya zana taswirarsa. Da wannan awo aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufto kan masallata ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Allah Ya jiƙansu. A watan Satumba 2024 kuma ruwan sama mai yawa ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19. A cikin 'yan sa'o'i, abin da ya tsaya fiye da shekara 150 ya koma tarin ƙasa. Wanda aka auna aka ɗauka kafin ya faɗi, ana iya sake tayar da shi ko a koyar da shi. Wanda ba a yi wa haka ba, ya tafi ke nan.

Hanyar da ta kauce wa Gaya

Kyamarar farko tana bin layin dogo da fadar mai mulki. Layin da aka ja daga Kano zuwa Nguru, wanda ya kai can a 1930, ya bi ta Ringim ne, arewa da kogi. Gaya tana kudu, sai an bi ta Wudil. Baƙon da ya sauka a tashar Kano yana da kwana biyu ko uku, Kurmi da fada da marina sun ishe shi cika fim ɗinsa. Wanda ke zuwa irin su Gaya shi ne jami'in mulki mai rangadi, a kan doki, da rani, kuma abin da ya kawo shi ƙidayar haraji da jangali ne. Wasu daga cikin irin waɗannan jami'ai suna da kyamara, amma hotunansu na kansu ne. Sun tafi da su gida, daga baya iyalansu suka ba da wasu ga ɗakunan karatu a Oxford da Cambridge da Landan. Sau da yawa abin da aka rubuta a bayan hoto bai wuce “Lardin Kano” ba, ko “wani gari mai ganuwa”.

Nan ne ɗan ƙasa ya fi kowane farfesa na waje amfani. Mai ajiyar kayan tarihi a Ingila ba zai iya bambance ƙofar Gaya da ta Rano ko ta Bebeji ba. Dattijon Gaya kuwa yana iya gane wuri da kukar da ke bayansa, ko da yadda hanya ta karkata. A 2011 ma'ajiyar takardun gwamnatin Ingila ta saki dubban hotunan Afirka na zamanin mulkin mallaka a intanet, ta kuma roƙi jama'a su taimaka wajen gane wurare da mutane. Hotunan E. H. Duckworth, wanda ya daɗe yana shirya mujallar Nigeria Magazine, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. A nan gida akwai ma'ajiyar takardu ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Waɗannan wurare suna jiran wanda zai shiga da sunayen Gaya, Kademi, Shagogo, Ajingi, Toranke da Balare a bakinsa, ya zauna ya duba hoto ɗaya bayan ɗaya.

Yankin kuwa yana da abin nema. Ƙasa ce ta tsofaffin garuruwa, ta maƙera da malamai, kuma Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1894, da Yusufawa suka kafa sansani a Takai, ta wannan shiyya ya ratsa. Inda aka yi yaƙi da ƙaura, akwai kufai. Inda aka daɗe da karatu, akwai tsofaffin masallatai da makarantun zaure da maƙabartu.

Akwai kuma taska ta biyu, wadda ta fi kusa, ta kuma fi fuskantar haɗari: akwatunan gidajenmu. Tun da masu hoto suka fara buɗe shaguna a garuruwa suna zagaya ƙauyuka ranar kasuwa, an ɗauki hawan salla, naɗin sarauta, saukar Alƙur'ani, rakiyar alhazai da 'yan makaranta a jere. Mai hoton mutane ya nufa, amma a bayansu akwai bango. A bayan ango akwai ƙofar zaure da zanenta. A bayan mahaya akwai kusurwar masallacin Juma'a kafin a sake shi. A bayan ɗalibai akwai guntun ganuwa da yanzu shaguna suka hau. Irin waɗannan hotuna gara da ɗanshi suna cinye su, wasu kuma ana zubar da su ranar rabon gado don ba a san mutanen ciki ba.

Sai dai a yi hattara da abin da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Hoto ɗaya akan sa masa sunan gari uku da shekara uku. Wasu an shafa musu launi da kwamfuta, wasu ma kwamfutar ce ta ƙirƙire su ɗungurungum. Hoton da ba a san wanda ya ɗauke shi ba, ko inda asalinsa yake ajiye, ba a gina tarihi a kansa.

Aikin da ke gabanmu

Wani zai ce masallaci wurin salla ne, ba abin kallo ba, kuma jama'a ta ƙaru, tsohon gini ya yi kaɗan, ga tsoron rufi ya faɗo. Gaskiya ne, kuma abin da ya faru a Zariya ya isa ya hana kowa wasa da lafiyar masallata. Wanda ya fitar da dukiyarsa ya gina wa Allah ɗaki ya yi abin yabo. Abin da ake roƙo ƙarami ne: kafin a sa diga a tsohon, a ba kyamara da ma'auni yini guda.

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A nemi izinin liman da mai unguwa. A ɗauki ginin ta gabas da yamma, kudu da arewa, da safe ko da yamma lokacin da inuwa ke fito da zanen bango. A shiga ciki a ɗauki alƙibla, mumbari, kowane ginshiƙi, da rufi daga ƙasa. A tsayar da sanda mai tsawon mita guda a jikin bango don mai kallo ya gane girma. A auna tsawo da faɗi da kaurin katanga. Sannan a zaunar da dattawan unguwa da tsofaffin magina a naɗi muryarsu: wa ya gina, a zamanin wane sarki ko hakimi, daga wace kududdufi aka ɗebo ƙasa, daga ina aka sayo azara, su wa suka yi limanci. A rubuta sunan wuri da kwanan wata a jikin kowane hoto, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Wayar da ke aljihun ɗalibin sakandare a yau ta fi duk kyamarar da Frith ko Mittelholzer suka taɓa riƙewa iya gani a cikin duhu.

Masu ɗaukar nauyin ma suna kusa. Masarautar Gaya, wadda a tsarin 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane lungu. Umarni ɗaya daga fada ya isa a san adadin masallatan ƙasa da suka rage. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan Wudil, Jami'ar Bayero tana Kano, dukkansu suna da ɗaliban zanen gini da ke neman abin da za su yi bincike a kai. Hanya kuma an riga an share ta: Hamman Tukur Sa'ad ya yi digirinsa na uku a 1981 kan gwanayen maginan Hausa, ya zauna da su ya ji ta bakinsu.

Wani lokaci ma ba sai an rushe ba. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, a Nijar ɗin dai, da jama'a suka bukaci babban masallaci, sai masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabo a gefe, aka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, aka kammala a 2018. Garin ya samu wurin salla mai faɗi, bai kuma rasa aikin hannun iyayensa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Turawan da suka ɗauki hotunan farko sun ɗauki abin da ya burge su, suka wuce abin da bai dame su ba, kuma ba za mu iya komawa 1903 mu juya musu kyamara ba. Amma masallatan ƙasa da suka rage a ƙauyukan Gaya da Ajingi a hannunmu suke, damina kuma ba ta jiran kowa. Kwamitin da ya iya tara kuɗin siminti da rodi da kwano zai iya ware yini ɗaya don hoto da awo. Ya kamata wannan ya zama sharaɗi da fada da malamai za su tsaya a kai: ba a rushe tsohon masallaci sai an ɗauke shi, an auna shi, an rubuta sunan wanda ya gina shi.